Hanya Da Asibiti Ba Sa Biyan Diyyar Rai

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da take tasowa duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani, wato yadda ya kamata a auna shugaban da ya yi mulkin kama-karya, wanda ya bar ayyukan da ido yake gani, ya kuma bar kaburbura da gidajen yari cike da mutanen da ba a taɓa tsayar da su gaban alƙalin gaskiya ba. Abin da mafi yawanmu muke yi shi ne mu ɗauko ma'auni, mu zuba hanyoyi da asibitoci da masana'antu a gefe ɗaya, mu zuba kisa da ɗauri da sata a ɗaya gefen, sannan mu yanke hukunci cewa alherinsa ya rinjayi sharrinsa, ko kuwa sharrin ne ya rinjaya. A ganina wannan awon kansa shi ne kuskuren, kuma zan faɗi dalilina ba tare da na musanta aikin da wani shugaba ya yi ba.

Wannan lissafi ba mu muka fara shi ba. A ƙasar Sin an shahara da hukuncin da aka yi wa Mao Zedong bayan mutuwarsa a 1976, cewa kashi 70 cikin 100 na abin da ya yi daidai ne, kashi 30 kuma kuskure. Ga wanda ya ji a baki, hukuncin ya yi kama da adalci. Amma a cikin wannan kashi 30 ne aka cusa yunwar da ta biyo bayan shirinsa na tilasta wa ƙasar ci gaba cikin gaggawa daga 1958 zuwa 1962, yunwar da mafi ƙarancin ƙiyasin masana ya ce ta kashe mutum miliyan 15, wasu kuma suka kai adadin har miliyan 45. Ina tambayar duk mai hankali: wa ya ba wani ikon mayar da waɗannan rayuka kashi 30? Da wane mudu aka auna su? Uwar da ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ita kashi 100 ta rasa, kuma babu wata madatsar ruwa ko masana'antar ƙarfe da aka gina a wani lardi da za ta rage mata wannan rashin.

A nan ne tushen maganata yake. Wanda ya amfana da hanya da wanda aka kashe mutane biyu ne daban, kuma na farko ba shi da ikon yafe haƙƙin na biyu. Idan ni na bi titin da shugaba ya shimfiɗa na isa gida lafiya, ina da damar in gode, amma ba ni da damar in ce wa marayan da aka harbe ubansa ya yi haƙuri domin ni na ji daɗin tafiya. Addininmu ya riga ya warware wannan. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne matsiyaci, sannan ya bayyana musu cewa shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, ya doki wannan, sai a riƙa ɗibar ladansa ana ba waɗanda ya zalunta, idan ladan ya ƙare kafin a gama biya sai a ɗebo zunubansu a jibga masa. To idan salla da azumi ba su shafe haƙƙin bawa ba, ta yaya kwalta da siminti za su shafe shi?

Malaman tarihinmu ma sun fuskanci irin wannan mutum, kuma yadda suka yi da shi abin koyi ne. Hajjaju bin Yusuf ya riƙe Iraƙi a zamanin Banu Umayya, ya gina birnin Wasiɗ, ya kwantar da tarzoma, shi ya tura Muhammadu bin Ƙasim zuwa Sindi, kuma ana danganta masa himmar sanya ɗigo a rubutun Alƙur'ani domin sauƙaƙa karatu. Shi ne kuma ya yi wa Makka ƙawanya har aka kashe Abdullahi bin Zubair, shi ne ya yanka babban malami Sa'idu bin Jubair. Malamai ba su ɓoye ayyukansa ba, kuma ba su yi amfani da su sun wanke shi ba. Imam Zahabi ya rubuta cewa yana da kyawawan ayyuka, amma sun nutse a cikin tekun zunubansa, kuma al'amarinsa yana ga Allah. Sun rubuta birnin da ya gina, sun rubuta sunayen waɗanda ya kashe, sun bar wa Allah makomarsa, amma ba su taɓa gabatar da shi ga al'umma a matsayin irin shugaban da za a yi fatan Allah ya maimaita ba.

Akwai kuma wata matsala da masu wannan awo ba su cika lura da ita ba, wato su waye suka rubuta alƙaluman da ake zubawa a gefen alheri. A ƙarƙashin kama-karya, shugaba ne yake yin aikin, shi ne yake ƙidaya shi, shi ne yake ba da labarinsa, kuma wanda ya kawo lissafin da ya saɓa wa nasa ya sayi wuƙar yanka kansa. A Tarayyar Sobiyet an yi ƙidayar jama'a a 1937, aka samu kimanin mutum miliyan 162, adadin da ya gaza abin da gwamnatin Stalin ta yi ta shelantawa da miliyoyi, domin yunwar 1932 da 1933 da kashe-kashe sun cinye jama'a. Maimakon a binciki dalili, sai aka ɓoye sakamakon, aka kama shugabannin hukumar ƙidayar, aka harbe wasunsu, aka sake wata ƙidaya a 1939 wadda ta ba da miliyan 170. A Sin kuwa, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa a 1959 yana sanar da shi cewa alƙaluman amfanin gona da ake kawo masa an cika su da ƙari, sai aka tuɓe shi aka wulaƙanta shi, daga nan kowane jami'i ya gane cewa tsira tana cikin ƙarya, yunwa kuma ta ci gaba da cin mutane alhali takardu suna cewa rumbuna sun cika. A 2022 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, Luis Martinez, ya wallafa binciken da ya kwatanta hasken wutar lantarki da tauraron ɗan'adam yake ɗauka da dare da alƙaluman da gwamnatoci suke bayarwa, ya gano cewa gwamnatocin kama-karya suna kumbura bunƙasar tattalin arzikinsu da kimanin kashi 35 cikin 100 na abin da ya faru da gaske. Ke nan gefen alheri an kumbura shi, gefen sharri kuma an binne shi da dare, sannan a ce mu auna.

Har abin da aka gina da gaske, wanda ba ƙarya ba ne, sau da yawa idan aka tona sai a tarar da shi da laifin abu ɗaya ne. Ana yawan cewa Hitler ya gina wa Jamus manyan hanyoyi, ya kuma kawar da rashin aikin yi da ya addabi mutum kusan miliyan 6 lokacin da ya hau mulki a 1933. Gaskiyar magana ita ce hanyar farko irin wannan, tsakanin Cologne da Bonn, an buɗe ta a 1932, kafin ya hau. Rashin aikin yi ya ragu, amma ya ragu ne ta hanyar ƙera makamai da bashin da aka ɓoye, da dawo da aikin soja na dole a 1935, da korar Yahudawa daga ayyukansu, da rushe ƙungiyoyin ƙwadago a watan Mayun 1933 domin kada ma'aikaci ya buɗe baki. Wannan bunƙasa shirin yaƙi ce tun daga tushenta, kuma yaƙin ya zo a 1939, ya ƙare a 1945 da kisan Yahudawa kimanin miliyan 6, da mutuwar miliyoyin mutane a faɗin Turai, da biranen Jamus sun zama kufai, ƙasar kuma ta rabu biyu har zuwa 1990. Haka nan mashigar ruwan da Stalin ya haƙa tsakanin Farin Teku da Tekun Baltik daga 1931 zuwa 1933, mai tsawon kilomita 227: fursunoni ne suka haƙa ta da diga da shebur cikin tsananin sanyi, dubbai suka mutu a bakin aiki, kuma da aka gama sai aka ga ba ta da zurfin da manyan jiragen ruwa za su bi. A wane gefen ma'auni za a sa wannan mashiga? Hatsin da aka ƙwace daga manoman Yukiren da Kazakistan aka fitar waje domin sayo injuna, shi ne masana'antar da ake yabo, shi ne kuma yunwar da ake kuka.

Ya Edita, na san masu karatu da yawa za su ce waɗannan misalai sun yi nisa, kuma muhawarar da ta fi zafi a tsakaninmu ita ce ta marigayi Janar Sani Abacha, wanda ya mulki Nijeriya daga 17 ga Nuwamban 1993 zuwa rasuwarsa a 8 ga Yunin 1998. Ba zan kauce mata ba, kuma ba na kwatanta girman laifinsa da na waɗanda na ambata a sama, domin yin haka rashin adalci ne. Masu yabonsa suna da hujjoji na gaskiya. Asusun PTF, wato asusun ayyukan raya ƙasa da kuɗin man fetur, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ya gyara hanyoyi, ya kai magunguna asibitoci, ya gyara makarantu, kuma mutane sun gani da idonsu. Hauhawar farashi da ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995 ta sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. A ranar 1 ga Oktoban 1996 ya ƙirƙiro jihohi shida, wato Bayelsa da Ebonyi da Ekiti da Gombe da Nasarawa da Zamfara. Sojojin Nijeriya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, sun mayar da zaɓaɓɓen shugaban Saliyo, Ahmad Tejan Kabbah, kan kujerarsa a watan Maris na 1998. Duk wanda ya musanta waɗannan ya zalunci tarihi, kuma ni ba na cikin masu musantawa.

Amma a cikin waɗannan shekaru biyar ɗin ne aka kama Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, a watan Maris na 1995, jim kaɗan bayan taron tsara kundin mulki da yake da ƙarfin faɗa a ji a cikinsa ya nemi soja su miƙa mulki a watan Janairun 1996. Kotun soja ta asiri ta yanke masa hukuncin kisa bisa zargin juyin mulki, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 25, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a ranar 8 ga Disamban 1997 yana da shekara 54, nesa da iyalinsa. A ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal, bayan hukuncin wata kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, abin da ya sa aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. An zarge su da hannu a kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu a 1994, kuma waɗannan huɗun ma suna da haƙƙin a yi musu shari'a ta gaskiya wadda za ta fito da ainihin wanda ya kashe su, haƙƙin da waccan kotu ta tauye musu kamar yadda ta tauye wa waɗanda ta rataye. An harbe Alhaja Kudirat Abiola a kan titi a Legas a ranar 4 ga Yunin 1996, alhali mijinta, ɗan siyasa Moshood Abiola, yana tsare tun 1994. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a watan Afrilun 1996 aka kai shi jihar Taraba. An ɗaure 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade saboda abin da suka rubuta. A watan Afrilun 1998 kuma jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da mutum ɗaya, shi kansa shugaban, a matsayin ɗan takararsu.

Ina roƙon mai karatu da ya tsaya a kan batun kuɗi, domin a nan ne awon alheri da sharri yake rushewa gaba ɗaya. Fiye da shekara ashirin bayan rasuwarsa, ƙasashen waje suna ta dawo wa Nijeriya da kuɗaɗen da aka fitar a zamaninsa. Suwizalan ta dawo da kimanin dala miliyan 322 a ƙarshen 2017, waɗanda aka ce a raba wa gidajen talakawa. A 2020 aka karɓo kimanin dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey da haɗin gwiwar Amurka, aka ware su ga hanyar Legas zuwa Ibadan, da hanyar Abuja zuwa Kano, da gada ta biyu a kan kogin Neja. Wannan ƙari ne a kan ɗaruruwan miliyoyin da aka dawo da su tun zamanin Obasanjo. Wasu suna cewa ajiya ya yi wa ƙasa saboda takunkumin Turawa, amma ajiyar ƙasa ana yin ta da sunan ƙasa ne a babban bankinta, ba a asusun 'yan'uwa da abokai da kamfanonin bogi ba, kuma ba a buƙatar shari'ar shekaru a kotunan duniya kafin a karɓo ta. Abin da wannan yake nunawa shi ne, a daidai lokacin da ake yaba wa PTF saboda hanyoyin da ta gyara, kuɗin wasu hanyoyin da asibitocin da ba a gina ba suna kwance a bankunan Turai. Mai yabo yana ƙidaya abin da aka gina domin shi ido yake gani, amma babu mai ƙidaya majinyacin da ya mutu saboda asibitin da bai samu ba.

Kuma ko da ba a saci ko kwabo ba, aikin da shugaba ya yi da dukiyar jama'a ba kyauta ba ce da ya yi musu. PTF da kuɗin da aka ƙara wa man fetur a 1994 aka kafa ta, wato daga aljihun talakan da yake godiya aka ciro kuɗin. Misalin wannan kamar waliyyin marayu ne da ya gina musu ɗaki da gadon ubansu, sannan ya kashe ɗaya daga cikinsu saboda ya tambaye shi lissafi. Ɗakin dama haƙƙinsu ne, kuma babu alƙalin da zai karɓi ɗakin a madadin jinin yaron.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen masu kare kama-karya ita ce cewa ba don tsananin ba da aikin bai yiwu ba, wai ƙasa mai rikici sai mai ƙarfin hannu. Wannan magana tana buƙatar a gwada ta da tarihi. Sukan kawo Park Chung-hee, wanda ya riƙe Koriya ta Kudu daga 1961 zuwa 1979 kuma tattalin arzikinta ya bunƙasa a hannunsa. Gaskiya ne. Amma a daidai wannan zamani Mobutu ya riƙe Kwango shekara 32, daga 1965 zuwa 1997, da ƙarfin hannun da ya fi na Park, ya bar ƙasa mai tarin ma'adinai cikin talauci da yaƙi. Idi Amin na Yuganda da Bokassa na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ma ƙarfin hannu ba ya cikin abin da suka rasa. Al'ummar da ta miƙa wuyanta ga mutum ɗaya ba ta da hanyar sanin wanne daga cikinsu za ta samu, kuma idan ta samu mugu ba ta da hanyar sauke shi sai mutuwa ko bindiga. A ɗaya ɓangaren, Botswana, wadda take cikin ƙasashe mafi talauci a duniya lokacin da ta sami 'yancin kai a 1966 a ƙarƙashin Seretse Khama, ta shafe shekaru tana cikin ƙasashen da suka fi saurin bunƙasa, da zaɓe da kotu da majalisa, ba tare da rataye ɗan adawa ba. A Chile, Janar Pinochet da ake yaba wa gyaran tattalin arziki ya karɓi mulki a 11 ga Satumban 1973, hukumomin bincike na ƙasar suka tabbatar da kisa ko ɓacewar mutum fiye da 3,000 da azabtar da wasu dubbai, amma a 1982, yana tsakiyar ƙarfinsa, tattalin arzikin ya ruguje da kusan kashi 14 cikin 100, kuma ya sauka a 1990 talauci yana kusan kashi 40. Gwamnatocin farar hula da suka biyo baya ne suka sauko da talaucin zuwa kimanin kashi 14 a 2006. A 2004 kuma binciken majalisar dattawan Amurka ya bankaɗo asusun ɓoye na miliyoyin daloli da yake da su a bankin Riggs. Ban taɓa ganin wanda ya iya nuna wace hanya ce ba za ta ginu ba da an bar 'Yar'aduwa da rai, ko wane asibiti ne ya dogara da igiyar da aka rataye Saro-Wiwa.

Sannan mulki ba ya ƙarewa ranar da mai shi ya mutu, domin abin da ya bari yana cikin lissafinsa. Gaddafi ya riƙe Libiya daga 1969 zuwa 2011, ya janyo ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen gaɓar teku da aikin da aka fara a 1984, ya faɗaɗa ilimi da kiwon lafiya da kuɗin mai. A watan Yunin 1996 kuma aka kashe fursunoni kimanin 1,200 a gidan yarin Abu Salim, aka ɓoye wa iyalansu, wasu suka yi shekaru suna kai wa matattu abinci da tufafi a ƙofar gidan yarin. Kama lauyan waɗannan iyalai, Fathi Terbil, a Bangazi a watan Fabrairun 2011 shi ne ya kunna wutar boren da ya kai ga faɗuwarsa. Ƙungiyar NATO tana da nata alhakin mai nauyi a kan halin da Libiya ta shiga, kuma ba na rage mata ko kaɗan. Amma ƙasar da aka hana ta jam'iyya da majalisa ta gaskiya da kotu mai cin gashin kanta da rundunar soja mai tsari har shekara 42, ranar da mutum ɗayan da komai ya rataya a wuyansa ya faɗi ba ta da abin da za ta dafa. Wannan ma aikinsa ne, kamar yadda bututun ruwan yake aikinsa.

Za a ce mini a bar matattu su huta, kuma Annabi ya hana zagin matattu domin sun isa ga abin da suka gabatar. Na yarda, kuma babu zagi a cikin wannan wasiƙa. Amma a cikin Buhari da Muslim akwai hadisin gawarwaki biyu da aka wuce da su, sahabbai suka yabi ta farko suka ambaci sharrin ta biyu, Annabi bai tsawata musu ba, ya ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Faɗin abin da shugaba ya aikata da ikon jama'a shaida ce, kuma waɗanda ya kashe su ma matattu ne, suna da iyali, suna da haƙƙin kada a shafe sunansu domin a gyara nasa. Za a kuma ce Turawan da suke zargin waɗannan shugabanni munafukai ne. Wannan ma akwai gaskiya a cikinsa, domin Amurka ta mara wa Pinochet da Mobutu baya, ita da Faransa kuma suka ɗaure wa Hissène Habré na Cadi gindi. Sai dai munafuncin mai zargi ba ya tayar da wanda aka kashe, kuma mutanen Cadi da suka mutu a hannun 'yan sandan asirin Habré ba Turawa ba ne.

Ba na raina talakan da yake cewa gara jiya da yau. Mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, idan ya tuna zamanin soja da alheri, tuhuma ce yake yi wa shugabannin da ya zaɓa, kuma tuhumar tana kan hanya. Ma'aunin da nake kira a yi amfani da shi bai kuma tsaya kan masu kaki ba. An kashe mutane a Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001 a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati, kuma a Zariya a watan Disamban 2015 an kashe ɗaruruwa, har jami'in gwamnatin jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Ƙuri'a ba ta halatta jini, kamar yadda hanya ba ta halatta shi. Bambancin shi ne a nan an kafa kwamiti, an yi shaida a bainar jama'a, jaridu sun buga adadin, ko da yake har yau ba a ga hukunci ba, kuma wannan rashin hukuncin abin kunya ne da ya kamata a ci gaba da bibiya. Abin da nake tsoro shi ne matasan da aka haifa bayan 1998, waɗanda suke jin labarin gefe ɗaya kawai, su girma da aƙidar cewa ana iya sayen kwanciyar hankali da ran wani, domin duk mai wannan aƙida yana ɗauka cewa ran da za a bayar ba nasa ba ne, ba kuma na ɗansa ba.

Mutanen Cadi sun nuna hanyar da za a bi. Habré ya mulke su daga 1982 zuwa 1990, kuma shi ne ya fatattaki sojojin Libiya daga arewacin ƙasar a 1987, aikin da babu mai ƙwace masa. Duk da haka waɗanda suka tsira daga kurkukunsa ba su yarda a rufe maganar da wannan nasara ba. A 2001 aka gano takardun hukumar 'yan sandan asirinsa zube a ƙasa a tsohuwar hedikwatarta a Njamena, ɗauke da sunayen mutum 12,321 da aka ci zarafinsu da 1,208 da suka mutu a tsare. Da waɗannan takardu da shaidar mata da maza da suka tsaya gabansa ido da ido, wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Mayun 2016.

A Nijeriya an kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999 domin ya binciki take haƙƙin ɗan'adam a zamanin mulkin soja, ya saurari ɗaruruwan shaidu a bainar jama'a, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka saki kwafinsa a 2005. Ina roƙon wannan jarida da ta nemo rahoton, ta fassara muhimman sassansa zuwa Hausa, ta riƙa buga su kashi-kashi, sannan duk ranar da za ta yi waiwaye a kan wani tsohon shugaba, na soja ko na farar hula, ta aika wakilinta wajen waɗanda suka amfana da ayyukansa, ta kuma aika wani wajen iyalan waɗanda suka mutu ko aka ɗaure a hannunsa, ta buga maganganunsu a shafi ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum.